Benci ko kujeru biyu, leda ko fata: zaɓen kayan cikin tsohuwar a-kori-kura ta hot rod

A Amurka idan aka ce hot rod, ana nufin tsohuwar mota da aka sake wa inji mai ƙarfi, aka saukar da ita kusa da ƙasa, aka rage mata duk abin da bai taimaka wa gudu. Sana'ar ta faro ne a kudancin Kalifoniya tun shekarun 1930, ta bunƙasa bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Daga cikin a-kori-kura, waɗanda aka fi yi wa wannan aiki su ne Ford F-1 ta 1948 zuwa 1952, da F-100 ta 1953 zuwa 1956, da Chevrolet 3100 ta 1947 zuwa 1955. Motocin manoma ne da 'yan kwangila, cikinsu ma ya nuna haka: ƙarfe mai fenti, shimfiɗar roba a ƙasa, kwali a rufi, sai benci ɗaya mai sifirin. Kan motar, wato ɗakin direba, ƙarami ne ƙwarai. Kuskuren inci ɗaya da babbar mota za ta haɗiye, a nan gwiwarka ce za ta biya shi kullum ka taka kuloci.

Saboda haka kujera ake fara zaɓa. Inda ƙugun direba ya sauka, daga nan ake auna tsawon sandar sitiyari, girman sitiyarin, mazaunin giya, wurin ɗaura bel, har kaurin allon ƙofa. Wanda ya fara da launin leda ya bar kujera sai ƙarshe, sau biyu zai yi aikin. Tun ran gini ran zane.

Kafin a auna komai, a yanke shawara kan tankin mai. Chevrolet daga 1949 har 1972 a cikin kai take ajiye tanki, bayan kujera, haka F-100 ta 1956. In an bar shi, jinginar kujera ba za ta kwanta yadda ake so ba, kuma duk ranar da robar bututun zuba mai ta tsage, warin fetur zai shige soso ya ƙi fita. Mayar da shi ƙarƙashin bodi, tsakanin ƙarafan shasi, yana ba ka kusan faɗin tafin hannu na sarari a baya. Mai tsawo ba shi da wani zaɓi da ya wuce wannan.

Benci, kujeru biyu, ko kujerar alminiyom

Bencin asali shi ya fi dacewa da fuskar motar, kuma ramukan notinsa suna nan a daɓe. Matsalarsa tsayi da sifirin. An yi shi ne don mutum ya zauna a miƙe kamar a kan kujerar makaranta, riƙe da sitiyari mai faɗin inci 17 ko 18. In an datse rufin motar da inci uku ko huɗu, kamar yadda masu hot rod kan yi, kanka zai dinga gogar silin. Magani shi ne a bar firam ɗin, a cire sifirin na mazauni, a shimfiɗa filawud mai kaurin rabin inci ko a ɗaura faffaɗan igiyoyin roba, a gina soso a kai. Da haka ana iya sauke mazauni inci biyu zuwa uku. In kuwa ba a datse rufi ba kuma sifirin bai karye ba, a bar shi. A wanke tsatsa, a yi masa fenti, a rufe shi da algarara mai kauri kafin a ɗora soso. In babu algarar, ƙarfen zai yanka soson daga ƙasa cikin shekara ɗaya ko biyu.

Hanya ta biyu ita ce ɗauko benci daga wata mota. Na Chevrolet S-10 da na Ford Ranger sukan shiga ƙananan kawuna, na manyan Chevrolet na 1988 zuwa 1998 kuma sukan shiga waɗanda suka fi faɗi. Ribarsu ita ce suna zuwa da layin matsawa gaba da baya, jinginarsu tana kifewa, sosonsu kuma an riga an sassaƙa shi daidai jiki. Auna faɗin kai daga ƙofa zuwa ƙofa a daidai inda kafaɗa take da kuma inda cinya take, don waɗannan motoci suna tsukewa ta gaba. Bar inci ɗaya a kowane gefe, ka kuma tabbata hannun ɗaga gilashi yana zagayawa ba tare da ya taɓa kujera ba. A nan ne aka fi yin kuskure, domin ana aunawa lokacin da ƙofar take tsirara, a manta allon da za a liƙa mata zai ci kusan rabin inci.

Kujeru biyu masu rungume jiki sun fi riƙe mutum a kwana, kuma suna ba da wurin akwatin tsakiya inda za a ɓoye waya, bututun esi da giyar ƙasa. Sai dai na motocin zamani dogaye ne, matashin kansu yana tare gilashin baya, daga waje kuma suna fitowa kamar baƙi. Kujerun ƙananan motocin Amurka na shekarun 1960 masu gajeriyar jingina sun fi shiga ido, amma ba su tare wuya in an bugi motar ta baya. Ka kuma rasa wurin mutum na uku.

Kujerar alminiyom ta samo asali ne daga kujerun jiragen yaƙi da aka yi gwanjonsu bayan 1945. Ba ta da nauyi, tana zama ƙasa sosai, ita ce mafita a motar da aka datse wa rufi aka kuma nitsar da bodinta kan shasi. Amma soson da ke kanta bai wuce inci ɗaya ko biyu ba. Tafiyar rabin awa babu laifi, ta awa uku kuwa ƙugu da baya za su gaya maka. Ta dace da motar zuwa baje koli a ƙarshen mako.

Ga motar da za a riƙa hawa da gaske, benci mai sabon soso ya fi su duka. Shi ya fi arha, shi ya fi kama da zamanin motar, kuma in an sassaƙa soson yadda ya kamata, yana riƙe jiki kusan kamar kujeru biyu.

Duk wadda ka zaɓa, kada a yi walda ko huda daɓe sai an yi gwaji. A ɗora kujerar a kan gutsattsarin katako, direba ya zauna da takalmin da zai riƙa tuƙi da shi. Ya taka kuloci har ƙasa ba tare da ƙugunsa ya zame ba. Tsakanin kansa da rufi a samu yatsu uku zuwa huɗu. Tsakanin ƙirjinsa da sitiyari a samu aƙalla inci 10. Gaban mazauni ya fi bayansa tsayi da inci ɗaya zuwa biyu, don cinya ta samu abin dogara. Sai an gamsu da wannan a yi ƙafafun ƙarfe, a ɗaure su da noti mai ƙarfi, a sa faranti a ƙarƙashin daɓe.

Soso

Mutane kan danna soso da yatsa su ce wannan mai kyau ne, yana da tauri. Tauri daban, nauyi daban. Nauyin soso shi ke nuna tsawon rayuwarsa, taurin kuma shi ke nuna yadda zama zai kasance. Ga mazauni, nemi mai nauyin kilo 40 ko fiye a kowace mita kiyubik (mita ɗaya a tsawo, faɗi da kauri), wato abin da Amurkawa ke rubuta 2.5. Ga jingina, mai kilo 29 zuwa 35 ya isa, kuma ya fi laushi. Soso mai sauƙin nauyi da aka taurara yakan yi daɗi watan farko, kafin shekara ya lotsa a gefen direba, ledar ta saki ta yi tattara.

Gina shi hawa-hawa ya fi yanka guda ɗaya: inci uku mai tauri a ƙasa, inci ɗaya mai laushi a sama, sannan a liƙa tudu a gefuna da ƙarƙashin cinya da daidai ƙugu. A yanka soson ya fi firam girma da rabin inci a kowane gefe, don rigar kujerar ta matse shi ta cika. Wuƙar yankan nama ta lantarki tana yanka shi sumul, faifan gurza kuma yana sassaƙa gefe.

Leda, fata, ko yadi

Ledar kujera ita ce ta gargajiya a wannan sana'a. Sunan wani samfurinta, Naugahyde, ya shahara a shekarun 1950 har ya zama kamar sunan ledar gaba ɗaya. Tana zuwa a naɗe da faɗin inci 54. Benci ɗaya yana cin yadi biyar zuwa shida, kai gaba ɗaya da ƙofofi da silin da bayan kujera yana cin goma zuwa sha biyu. Mai kyau ita ce wadda aka yi don jiragen ruwa ko motoci, mai jure rana, mai saƙaƙƙen yadi a bayanta. Ka ja ta da hannu ta tsawo da ta faɗi: za ka ji ta fi miƙewa ta gefe guda. Dole a yanka dukkan ɓangarorin kujera ta fuska ɗaya, in ba haka ba rabi zai ɗame rabi ya saki. Aibinta zafi da gumi. Baƙar leda da ta sha rana ba ta zaunuwa, don haka a ƙasa mai zafi ruwan ƙasa, ruwan madara ko ja mai duhu sun fi hankali. A guji wadda ake yi da garin fata da gam, da siririyar nan mai laushi ta kujerun falo. Kyan ɗan maciji ne da su, zafi da danshi suna sa fuskarsu ta riƙa saɓulewa.

Fatar shanu ta fi daɗin taɓawa, tana shan gumi, tana tsufa da kyau in ana kula da ita. Lissafinta ne ke ba mutane mamaki. Fata ɗaya tana da murabba'in ƙafa 45 zuwa 55, amma ba duka ake amfani da shi ba: ciki da hammata suna da taushi suna miƙewa, ga tabon kaska da na ƙaya da na wuta. Masu sana'ar kan lissafa murabba'in ƙafa 18 a madadin kowane yadi na leda. Ke nan benci fata biyu, kai gaba ɗaya kusan huɗu, kuma a saye su lokaci guda daga rini ɗaya, don launi yakan bambanta. Kaurin da ake so milimita 0.9 zuwa 1.2. A tabbata ta mota ce mai rufin fenti a fuska. Ta kujerun gida rana tana kashe mata launi, ta bushe ta ƙanƙance har ta ja ɗinki ya buɗe. A yanka tsakiyar mazauni da gefen da direba ke goga wajen shiga daga gadon bayan fatar, a bar na ciki don wuraren da ba a zama.

Fatar jar akuyar Sakkwato, wadda Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko, ba ta kujera ba ce. Ƙarama ce kuma siririya, wadda aka jeme da bagaruwa aka rina ta gargajiya tana iya zuba a farin kaya in gumi ya taɓa ta. Amma a matsayin ado a tsakiyar allon ƙofa ko rigar sandar giya, ba ta da na biyu.

Yadi shi ne mafi sanyi a jiki. Bargon Meziko mai ratsi-ratsi ya zama alamar hot rod marar ƙawa, amma saƙarsa sakwa-sakwa ce. In za a ɗinka shi a kujera, sai an liƙa masa yadi a baya, an kuma bi gefunan da ɗinki kafin a yanka, in ba haka ba zai warware a hannun tela. Yana kama ƙura da mai, rana kuma tana cin launinsa.

Haɗin da ya fi amfani a motar hawa: leda mai kyau a gefuna da baya, yadi mai ƙarfi ko fata a tsakiya inda jiki ke taɓawa. Leda kusa da fata tana yiwuwa in launi ya zo ɗaya, sai dai bayan 'yan shekaru fatar za ta sauya ledar ta tsaya yadda take. Gara a zaɓi launuka biyu da gangan tun farko.

Ɗinkin kunya-kunya

Abin da ido ke fara gani a cikin hot rod shi ne layukan nan masu tudu kamar kunyoyin gona, waɗanda Amurkawa ke kira tuck and roll. A shekarun 1950 da 1960 samarin Kalifoniya kan tsallaka Tijuwana a Meziko a yi musu shi da araha. Iri biyu ne, kuma bambancinsu ya kai a tsaya a kai.

Na ainihi, zarensa ba ya bayyana. Ana zana layi a yadin baya, misali kowane inci biyu, a zana a bayan ledar da ɗan ƙari, kamar inci biyu da rabi zuwa biyu da kwata uku. A ninka ledar a kan kowane layi, a ɗinke ta da yadin daga ciki, sannan a cusa auduga ko tsinken soso cikin kowace kunya. Ƙarin nan shi ke ba da tudu. Yana cin kaya da lokaci, amma ruwa da ƙura ba su samun ramin allura, rana kuma ba ta taɓa zare.

Na biyu, ana ɗora leda a kan soso mai rabin inci wanda ke da yadi a baya, a bi layi da keke daga sama. Ya fi sauri, ya fi kwanciya, kuma shi ake yi wa zanen lu'u-lu'u. Kowane layi yana cinye kusan kashi ɗaya cikin takwas na inci, don haka a ɗinka faifan da girma sannan a yanka shi daidai ma'auni. A fara daga layin tsakiya a yi waje, duk layukan kuma a bi su ta fuska ɗaya. In aka yi wani daga sama wani daga ƙasa, kunyoyin za su murɗe. A tabbata tsakiyar mazauni da ta jingina sun haɗu, don karkacewar kwata inci tana bayyana da zarar an buɗe ƙofa.

Keken ɗinkin kaya ba zai yi wannan aiki ba. Sai mai ƙafa mai tafiya, irin Juki 1541, Consew 206RB ko Pfaff 1245, wanda ke jan sama da ƙasa tare. Zare na foliyesta mai lamba 92 don haɗi, mai lamba 138 don ado, domin na nailan rana tana ruɓar da shi. Taku biyar zuwa shida a kowane inci. In aka matse taku, ramukan allura sukan zama kamar layin yage rasit, ledar ta tsage a kan ɗinkin. A bar rabin inci na bakin ɗinki. Wajen sa rigar, a shanya ta a rana ta yi laushi, a ɗaure da zoben ƙarfe kowane inci biyu zuwa uku daga tsakiya zuwa gefe, a kori sauran tattara da tururi.

Allon ƙofa da silin

Kwali mai tauri shi ne mafi arha, kuma shi ne farkon lalacewa, domin ruwan sama yana bin gilashi ya shiga cikin ƙofa. Filawud na milimita 3 yana karɓar ƙusar stefula amma ba ya lanƙwasa ta fuska biyu, sai an shafe shi da fenti gaba da baya. Robar ABS ta milimita 3 ta fi su: ruwa bai dame ta ba, ana lanƙwasa ta da iska mai zafi, ita ce kuma ta dace da kusurwoyin bayan kai masu zagaye. Alminiyom yana da kyau in za a bar shi tsirara da zanen tudu, amma yana kaɗawa in ba a sa masa soso a baya ba. Kowanne aka zaɓa, a liƙa ledar kare ruwa tsakaninsa da ƙofar, a buɗe ramukan zubar ruwa na ƙasan ƙofa, a sa maƙalai kafin a rufe da leda.

Gam shi ne ke kunyata aiki. Na gwangwanin fesawa yakan saki da zarar rufin ƙarfe ya ɗauki zafin rana, silin ya sauko a kan direba. A nemi gam mai jure zafi wanda ake liƙa ledar rufin mota da shi, a shafa a fuska biyu, a jira minti biyar zuwa goma har ya daina kama yatsa, sannan a haɗa. In aka haɗa shi da ɗanye, tururinsa zai taso ya yi ƙuraje a ƙarƙashin leda. Soson da ke ƙarƙashin ledar allo ya zama mai rufaffen ƙwaya na milimita 3 zuwa 6, wanda ba ya shan ruwa.

Daɓe, zafi da ƙara

Babban inji da salansa a ƙarƙashin ƙafa suna mayar da ƙaramin kai tanda. A fara kashe tsatsa, a toshe kowane rami a bangon da ke tsakanin inji da direba. Faifan kashe ƙara na butil mai fuskar alminiyom, irin Dynamat, aikinsa hana ƙarfe kaɗawa, kuma rufe kashi ɗaya cikin huɗu zuwa rabin fili ya wadatar. Ba shi ke tare zafi ba. Mai tare zafi shi ne soso mai rufaffen ƙwaya da ake shimfiɗawa a kansa, da garkuwar ƙarfe tsakanin salansa da daɓe. Faifan kwalta da ake sayarwa da araha yana narkewa ya yi wari, araha ba ta ado. Shimfiɗar algarara ta da kuwa tana riƙe ruwa, ita ce ta cinye daɓen yawancin waɗannan motoci. Tsakanin roba da kafet, roba ta fi sauƙin wanki ta kuma dace da mota marar ƙawa. Kafet ya fi kashe ƙara, sai dai a yi shi gunduwa-gunduwa masu daje don a iya ɗagawa a shanya.

Sitiyari, geji da bel

Sandar sitiyarin asali ƙarfe ne guda ɗaya daga akwatin sitiyari har ƙirjin direba, ba ta naɗewa a hatsari. Masu naɗewa sun fara fitowa a motocin General Motors a 1967. Sababbi masu karkata irin na ididit da Flaming River suna sauƙaƙa shiga da fita. Kada a rage sitiyari zuwa inci 14 ko 15 sai an sa fawa, in ba haka ba juya motar a tsaye zai zama dambe.

Ford ta zauna a kan wuta mai ƙarfin bolt (volt) 6 har 1955, Chevrolet ma sai a sabon samfurin 1955 ta koma 12. Wanda zai riƙe gejin asali bayan ya koma 12 sai ya sa abin rage wuta. Gejin mai kuma dole ya yi daidai da na'urar cikin tanki: a ma'aunin juriyar wuta da ake kira om, tsofaffin General Motors 0 zuwa 30 suke, na 1965 har cikin shekarun 1990 kuma 0 zuwa 90, irin na Stewart-Warner 240 zuwa 33. In aka haɗa mabambanta, allura na iya nuna akwai mai, mota ta mutu a hanya. Tsohon gejin caji yana bi da dukkan wutar mota ta bayan dashbod, da sabuwar alteneta mai amfiya 100 wannan hanyar gobara ce, a maye shi da mai auna bolt. Gejin man inji mai bututu, a sa masa na tagulla, don na roba in ya fashe a kan sabon kafet zai zuba. In da niyyar sa esi, irin na Vintage Air da ke shiga ƙarƙashin dashbod, a gwada akwatinsa da bututunsa tun kafin a yanka allo ko ɗaya.

Yawancin waɗannan motoci ba su zo da bel ba, daɓensu kuma siriri ne. Notin bel na ƙa'ida shi ne mai kaurin 7/16 na inci mai ƙananan hakora. A ƙarƙashin kowane rami a sa farantin ƙarfe mai kaurin milimita 3, faɗinsa kamar tafin hannu, a goge kusurwoyinsa don kada ya yaga daɓen. Bel ɗin ƙugu ya sauko baya a karkace, tsakanin digiri 30 da 75, ya kwanta a kan ƙashin ƙugu. Na kafaɗa yana bukatar a yi waldar faranti a ginshiƙin bayan ƙofa, daidai kafaɗa ko sama da ita kaɗan, domin wanda aka ɗaure ƙasa da kafaɗa yana danne ƙashin baya a hatsari. Wannan walda a gama ta kafin fenti, kafin gam da soso su shigo cikin motar.